Gidan da Na Gyara wa Baƙi

Litinin, 2 ga Yuni

Da sunan Allah nake buɗe wannan littafi, kuma da hannuna nake rubuta shi, ba da hannun wani ba. Malamar ajinmu na manya ta ce duk wanda ya koyi rubutu da furfura a kansa, to ya riƙa yin sa kullum, in ba haka ba hannu zai koma inda ya fito. Saboda haka na yanke shawarar in riƙa ajiye labarin babban aikin da ke gabana.

Aikin shi ne sayar da wannan gida. Dalili kuwa matakala ce. Idon maiɗakina ya yi rauni shekaru da dama, yanzu haske da inuwa kawai take rarrabewa, kuma a watan jiya ƙafarta ta zame tana saukowa daga bene. Allah ya kiyaye, gwiwa ce kawai ta kumbura. Babbar 'yata ta samo mana gidan ƙasa a layinsu, babu hawa babu sauka, amma mai shi ya ce zuwa ƙarshen wata kawai zai jira mu. Idan ba mu sayar da namu ba kafin nan, zai ba wani, mu kuma mu ci gaba da zama da matakala.

Na yi tuƙin motar fasinja tun ina saurayi har na ajiye aiki, ban taɓa buge ko kaza ba. Mutumin da ya yi wannan ba zai kasa sayar da gida ba.

Talata, 3 ga Yuni

Dillali ya zo da hantsi. Matashi ne mai ƙamshin turare da waya biyu, yana magana da ɗaya yana kallon ɗaya. Ya zaga gidan yana ɗan tsaki a hankali, a zatonsa ban ji ba. A ƙarshe ya ce, "Baba, gidan yana da kyau, sai dai ku kun yi yawa a cikinsa. Mai saye ba zamanku ya zo gani ba, nasa ya zo hangowa." Ya ce a rage kaya, a shafa farin fenti, a buɗe tagogi, a kawar da duk abin da ke ƙara ko ya tsufa.

Na sanar da shi cewa ni ma abin da na ƙudurta ke nan. Mota ma idan za a kai ta wurin masu duba lafiyarta, ba a barin tsummokara a ƙarƙashin kujera.

Maiɗakina ta ɗaga murya daga kicin: "Duk abin da ya tsufa? To Direba, ni da kai wa zai fara fita?" Haka take kirana tun farkon aurenmu. Dillali ya yi dariya har ya saki waya ɗaya. Ni ban ga abin dariya a cikin aiki ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Yau an kwashe kaya, ƙarƙashin kulawata. Maƙwabcina ya ba ni aron garejinsa, tare da shawarwari masu yawa waɗanda ban nema ba.

Abubuwan da suka fita: tsohon kabad ɗin nan da ke tsaye a bakin ƙofar falo yana tare hanya. Doguwar dardumar da ta tashi daga falo zuwa kicin, wadda tsakiyarta ta cinye har ana ganin zare. Labulen duwatsu na ƙofar kicin, mai kacau-kacau duk lokacin da aka wuce. Da agogon bango, wanda bugunsa ya fi ƙarfin girmansa.

Da aka sauke agogon, falo ya yi tsit. Maiɗakina ta juyo da fuskarta wajen bangon ta ce, "Har agogon?" Na ce har shi. Ta buɗe baki, sa'an nan ta rufe. Na ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Falon ya ninka girma. Ban san muna da fili haka ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Mai fenti ya fara. Kafin ya tsoma burushi sai ya nuna mini wani baƙin layi a jikin bango, daidai ƙugun mutum, wanda ya taso daga gindin matakala, ya bi falo, ya lanƙwasa zuwa banɗaki, wani reshen kuma ya nufi kicin. Wurin ya yi santsi, har yana ƙyalli. Ya ce, "Baba, wannan fa?" Na ce datti ne, ya kankare, ya cike ramukan, ya shafa fenti sau biyu.

Ya kuma cire ƙusoshin da ke maƙale a bangon nan da can, waɗanda ba a rataye komai a kansu ba. Har yau ban san wanda ya buga su ba. Gida idan babu mai tsayawa a kansa, haka yake tara abin da ba shi da dalili.

Na tsaya a kansa har ya gama. Ya ce bai taɓa aiki da mai gida mai sa ido kamata ba. Na gode masa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Warin fenti. Ciwon kai. Amma bango fari fat, kamar ba mu taɓa zama a nan ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Na sa wa kowace ƙofa mai. Ƙofar banɗaki, wadda ta daɗe tana kuka kamar jaririn kyanwa, yanzu ba ta cewa uffan.

Amma babban abin alfaharin yau yana kicin. Maiɗakina tana ajiye sukari a wani dogon gwangwani mai lotsa, gishiri a gajere mai tsatsa, ganyen shayi a wani mai murfin da ba nasa ba. Babu biyu da suka yi kama. Na ba masu sayen tsoffin ƙarafa su duka. A madadinsu na sayo kwalabe iri ɗaya, girma ɗaya, na jera su a kan kanta kamar motoci a tasha. Sa'an nan na yanka farar takarda, na rubuta wa kowace sunanta da manyan baƙaƙe: SUKARI. GISHIRI. SHAYI. Na liƙa.

Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Bara war haka, da an ba ni waɗannan kwalabe, sai na ɗanɗana kafin in san mene ne a ciki. Yau ni ne mai rubutawa.

Na kira ta ta zo ta shaida. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "An ce sun yi kyau."

Laraba, 11 ga Yuni

Shayin safe da gishiri. Na kurɓa, na ajiye, na yi mata nasiha a hankali game da natsuwa. Ta ce, "Yi haƙuri, Direba, ban karanta ba."

Da rana kuma ta yi karo da ƙaramin teburin da na sa a tsakiyar falo da tukunyar fure a kai. Furen bai faɗi ba. Na roƙe ta ta rage zirga-zirga har a gama cinikin, domin kada bango ya sake yin datti. Girki kuwa ni zan riƙa yi. Wanda ya iya haɗa inji ba zai kasa haɗa tukunya ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

Mai saye na farko. Wani mai tumbi, ya shigo da takalmi, ya riƙa ƙwanƙwasa bango da makullin mota kamar yana neman wanda ya ɓuya a ciki. Na yi masa jawabin da na shirya tun jiya, daga harsashin gini zuwa rufi. Bai bari na kai rabi ba. Ya ce zai yi tunani.

Dillali ya ce irin wannan ba ya dawowa. Amma kafin mai tumbin ya fita na ji ya ce wa direbansa, "Gidan tsaf." Da kunnena na ji. Na rubuta a nan domin kada ya ɓace.

Asabar, 14 ga Yuni

A aji na roƙi Malama ta koya mini sa hannu irin na manyan mutane, mai jela a ƙarshe. Ta ce sunana a fili ya isa. Na ce a'a, da jela. Idan ranar ta zo, ba zan dangwala yatsa a tawada ba kamar yadda na yi a takardar ɗaukar aiki, da ta ajiye aiki, da ta sayen wannan gida. Na cika shafi guda. Jelar tana nan tana gyaruwa.

Talata, 17 ga Yuni

Yau rana ce mai kyau ƙwarai.

Dillali ya kawo miji da mata, matasa, matar da tsohon ciki. Tun da safe na buɗe tagogi, na goge kwalabe, na sa maiɗakina ta saka tufafinta masu kyau, na zaunar da ita a kujerar gefen taga inda haske ke sauka. Ta zauna kamar hoto. Dillali ya ɗaga mini babban yatsa a ɓoye.

Matar tana shigowa ta ce, "Kai, fili!" Mijin ya auna bango da taku, yana cewa nan gado, nan tebur. Daidai abin da aka ce: nasu zaman suka hango. A kicin matar ta tsaya gaban kwalabena ta ce wa ya yi wannan rubutu mai kyau. Na ce wani ne daga cikin mutanen gidan. Ba na son fariya.

Sun gaishe da maiɗakina da ladabi. Matar ta sunkuya ta ce, "Mama, don Allah ina banɗaki yake?" Ita kuwa ta yi murmushi ta ce, "A da na sani, 'yata. Yanzu sai ki tambayi Direba." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Tana da barkwanci, wannan ba a ƙwace mata ba.

Za su dawo da yayan mijin, wanda ya san gini. Dillali ya ce kada a taɓa ko tsinke, a bar gidan yadda suka gan shi.

Alhamis, 19 ga Yuni

Babbar 'yata ta zo. Mai gidan ƙasa ya sake tuna mata cewa wata yana tafiya, kuma akwai mai jira a baya. Na ce ta kwantar da hankalinta, sitiyari yana hannun wanda ya iya.

Ta zauna kusa da uwarta, ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Baba, Umma ta rame. Leɓenta ma ya bushe." Na bayyana mata cewa hutu ne, tunda na ɗauke mata dukan aiki. Uwar ta ce, "Girkin babanki ne, 'yar nan. Ki yi mini addu'a." Suka yi ta dariya. Girkina ba shi da laifi.

Asabar, 21 ga Yuni

Na kai wa maiɗakina ruwa da safe, na ajiye a gefen kujera. Da azahar na zo ɗaukar kofi, yana nan cike. Shayin ma ya huce, ba ta taɓa ba. Da na tuna, jiya ma haka. Shekaranjiya ma.

Na san irin wannan fasinja. A doguwar tafiya akwai tsohuwar da za ta zauna a kujerar baya, rana tana dukanta, a miƙa mata ruwa ta ce ta ƙoshi. Ba ƙoshi ba ne. Ba ta son ta ce wa direba ya tsaya. Ni a zamanina ina gane su ta madubi, in tsaya da kaina in ce inji ne yake son hutawa.

Na ce mata, "Tashi, za mu zaga." Na ɗora hannunta a kafaɗata. Muka bi falo, muka lanƙwasa. A hanya ɗaya hannun nata yana ta miƙewa wajen bango, daidai ƙugu, sai ta janye shi kafin ya taɓa. Sau uku tana haka.

Da muka dawo ta sha kofi biyu.

Lahadi, 22 ga Yuni

Tana barcin rana, sai na gudanar da wani gwaji, domin ilimi kawai. Na tsaya a gindin matakala, na rufe ido, na nufi kicin. Babu bugun agogo da zai ce mini falo yana dama. Babu darduma a ƙarƙashin ƙafa. Bango sumul ko'ina, babu ƙusa, babu rami. Hanya ce aka kwashe mata dukan alamu, ba a sanar da kowa ba.

Ƙaurina ya haɗu da teburin fure. Teburin yana da ƙwari.

Litinin, 23 ga Yuni

Na ce mata ina nazarin dawo da agogon, da dardumar, saboda wasu dalilai na tsari. Ta ce, "Kada ka taɓa komai, Direba. Yaran nan gobe za su dawo. Mun kusa tasha, yanzu za ka juya mota?" Na ce to ita fa. Ta ce, "Ni ina da kafaɗa. Ba ta da laushi, amma tana zuwa a kan lokaci."

Na tsara jigila: da safe, da hantsi, da azahar, da la'asar, da duk lokacin da aka buƙata. Ba na jira a ce mini in tsaya.

Talata, 24 ga Yuni

Sun dawo da yayan. Mutum ne marar fara'a. Ya hau bene, ya leƙa rufi, ya murɗa kowane famfo, ya buɗe kowace ƙofa ya rufe yana saurare. Babu wadda ta yi ƙara. Ya dubi ƙaninsa ya ce, "An kula da gidan nan." Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Baba, kai soja ne da?" Na ce a'a, direba. Ya ce, "Shi ya sa."

Ana tsakiyar magana na hango maiɗakina ta motsa a kujera. Na ce wa baƙi su yi mini uzuri, na je na miƙa kafaɗa, muka ratsa ta tsakiyarsu a hankali. Dillali ya ɓata fuska. Ni kuwa na kalle shi irin kallon da nake yi wa mai son shiga gabana a kan kwana.

Da yamma ya kira: sun amince.

Laraba, 25 ga Yuni

Sun amince! Na sake rubutawa domin na jiya bai fito yadda nake so ba.

Juma'a, 27 ga Yuni

Ofishin lauya. Na sa babbar rigata. Yaron ofishin, da ya ga furfurata, sai ya turo mini akwatin tawada ba tare da ya tambaya ba. Na mayar masa da shi da yatsa ɗaya. Na ce, "Biro."

Na rubuta sunana a wurare huɗu, kowanne da jelarsa. Ta ukun ta ɗan hau kan layi, amma lauya ya ce ba laifi. Babbar 'yata tana gefe tana share ido da gefen mayafi, wai ƙura ce. Daga nan muka wuce wurin mai gidan ƙasa, na sake sa hannu. Ya ce bai zaci za mu kai ba. Na ce masa ban taɓa makara da fasinja ba.

Da na dawo na miƙa wa maiɗakina hannuna na dama na ce ta shinshina babban yatsan. Ta ce ba ta ji komai ba. Na ce, "To shi ne labarin."

Ta riƙe hannun, ta daɗe ba ta sake shi ba.

Litinin, 30 ga Yuni

Ƙaura. Ta sauko matakalar nan saukowa ta ƙarshe, hannu a kafaɗata. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta juya ta ce wa matakalar, "Sai wata rana, ba don na so ki ba." Maƙwabcina ya buɗe gareji, ya ce ko in bar masa tsoffin kayan ya rabar. Na ce a loda su duka, har labulen duwatsu. Ya ce ai ya zaci na gama da su. Na ce ajiya na ce, ban ce kyauta ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Kwana biyu ban yi rubutu ba, aiki ya yi yawa.

Babbar 'yata ta zo da tsari: kujeru nan, tebur a tsakiya, sabon labule, irin yadda na yi a wancan gida, tunda kowa ya yaba. Na ce mata wancan tsarin na masu saye ne, kuma ba a amfani da taswirar wani gari a wani gari. Ta kalle ni, ta kalli uwarta, ta janye tsarinta. Ta yi hankali.

Kabad yana bakin ƙofar falo. Yana ɗan tare hanya, amma babu wani wurin da ya dace da shi. Darduma ta tashi daga falo zuwa kicin, saura kaɗan ta kai, na ƙara da guntun tabarma. Agogo yana bango yana damun kowa. Labulen duwatsu yana ƙofar kicin. Teburin fure na ba 'yata, ta tafi da shi can. Ƙofar banɗakin nan tana kuka, kuma man ya ƙare, ban sami lokacin sayo wani ba.

Na buga ƙusoshi uku a bango, daidai ƙugu, na lanƙwasa kawunansu domin kada su ji wa kowa ciwo. Maiɗakina ce ta nuna mini wuraren. Watakila a rataye wani abu a kansu nan gaba.

Gwangwanayen ba su samu ba. Na je har wurin masu tsoffin ƙarafa, suka ce an daɗe da narkarwa. Saboda haka na ɗaura wa kwalbar sukari zare a wuya, ta shayi zare biyu, ta gishiri na bar ta haka. Takardun suna nan a liƙe. Na baƙi ne.

Yau da safe ina tsakar gida sai na ji kacau-kacau. Ban motsa ba. Na ji murfi, na ji cokali. Can sai ga ta ta fito ita kaɗai, kofi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a bango. Ta ce, "Direba, yau babu jigila, ka huta." Na kurɓa. Sukari ne, har ya ɗan yi yawa. Ban yi nasiha ba.

Akwai shatin yatsu huɗu a sabon fentin, kusa da ƙofar kicin. Na ɗauko tsumma. Sai na ga tsumman bai da tsabta sosai, zai iya ƙara ɓata wurin. Na mayar da shi.